Ɓeran Silin Mai Agogo

Mai Agogo muke ce masa har yau, ko da yake rabon da wani ya kawo masa gyaran agogo tun 'ya'yana suna goye. Waya yake gyarawa yanzu. Shagonsa da nawa bango ɗaya ya raba su, kwano ɗaya ya rufe mu. Ni ina ɗinki, shi yana can sunkuye a kan teburinsa da gilashin ƙara girma maƙale a ido ɗaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Baba nake kiransa. Shi kuwa Tela yake ce mini, kamar ba ni da wani suna.

In ana neman mutumin da bai yarda da kowa ba, a zo layinmu. Ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa. Ka kawo waya, sai ya tambaye ka inda ka saya, ya kalli fuskarka, ya sake tambaya ko amsar za ta canza. Ƙofarsa kwaɗo a kan kwaɗo, kuma in ya kulle ya kai bakin titi sai ya dawo ya jijjiga. Ko ruwa na miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya duba a haske. Na taɓa ce masa, "Baba, kai ko inuwarka ce ta biyo ka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta."

Ya ce, "To wa ya aiko ta?" Kuma bai yi dariya ba.

Abin yana da tushe, 'yarsa Auta ce ta ba ni labari. Yana saurayi ya koyi gyaran agogo a wurin wani dattijo. Wata rana wani baƙo mai tsabta da daɗin baki ya zo, ya zauna ana hira, ya yaba aikin, har ya tambayi inda agogunan mutane ke kwana. Dattijon ya nuna masa. Ba a yi mako ba aka fasa shagon, aka tafi kai tsaye wurin. Masu kaya suka yi ta zuwa, wasu da zagi, wasu da kallon da ya fi zagi ciwo, kuma dattijon bai sake ɗaga kai a kasuwa ba har ya bar duniya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Tun daga nan Mai Agogo ya ɗauki abu ɗaya ya riƙe: kayan mutum amana ne, kuma ba za su taɓa ɓata a hannunsa ba.

Ya kuwa cika. Zamanin agogo ya wuce ya koma rediyo, rediyo ya ja baya ya koyi waya da furfurarsa, yana tambayar yaran da ya haifa yana kuma zarginsu da ɓoye masa wani abu. Duk tsawon wannan lokaci ko murfin batir bai taɓa salwanta a wurinsa ba. Akwai ma wani aljihun tebur cike da agogunan da masu su ba su dawo ba, wasu cikin masu su na tabbata sun rasu. Yana nan yana murɗa su yana goge su, wai mai kaya ba ya sanar da ranar zuwansa. Mutanen da ke ƙorafin halinsa su ne dai ke tsallake shaguna su kawo masa wayoyinsu.

A kusurwar shagon akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa. Kowace yamma sai ya kulle shi a gaban kowa, da ƙara, har da buga murfi. Daga nan ya tura ƙofa ya sa sakata ta ciki, ya ɗan jima shi kaɗai, wai yana shara, sannan ya fito ya kama kulle-kullensa.

Ni kuma damuwata a shekarun nan ɓera ce. Kusan kowace yamma ina naɗe kayan aiki sai in ji ƙurr a cikin silin, daidai saman kaina, kamar ana jan wani abu mai nauyi. Na sa guba, na ɗana tarko, har kyanwa na aro wurin mai wanki. Da na kai kuka wurin Mai Agogo, sai ya sauke gilashinsa ya saurare ni da kyau.

"Wace guba kika sa?"

Na faɗa masa.

"Jabu ce. Ki canza. Amma kada ki bari kowa ya hau silin ɗin nan, masu kashe ɓera rabinsu 'yan leƙen asiri ne."

Na gode masa. Allah ya sani har raina na gode masa.

Inshora ta shigo rayuwarsa ne ba da son ransa ba. Wani kamfanin masu kai saƙo a babur ya so ya riƙa gyara wayoyin ma'aikatansa, aiki mai tsoka, amma suka ce sai shagon yana da inshora. Ya ce a kai kasuwa. A ganinsa biyan kuɗi saboda masifar da ba ta zo ba, ai aika mata da goron gayyata ne. Auta ce ta tsaya masa a wuya har ya yarda a turo mutum ya duba.

Wadda aka turo yarinya ce siririya mai sanyin magana. Na bar keken ɗinki na tsaya a bakin ƙofa, don irin wannan kallo ba a ba ni labari. Ta duba wayoyin wuta, ta duba inda yake caji, ta ɗauki wani batir da ya kumbura a gefen tebur ta juya shi.

"Baba, da can ɓarawo ake tsoro, da fitilar da aka manta. Yanzu abin da ke cikin wayar nan shi kansa wuta ne a ƙunshe. In ya tsufa ko ya kumbura haka, zafi kawai yake jira. Irin wannan ka riƙa ware shi cikin bokitin yashi."

"Shekarunki nawa a duniya?"

Ta yi murmushi. Ta bayyana masa abin da zai saya: in wani abu ya sami kayan aikinsa za su tsaya masa, haka in ɓarna ta tashi daga wurinsa ta shafi maƙwabci. Kayan mutane ma za su biya, amma da sharaɗin suna kwana a wurin da ya nuna aka amince da shi. Sai ta ɗago kai.

"To, Baba, in ka tashi, a ina wayoyin mutane ke kwana?"

Na ga fuskarsa ta canza. Ya dube ta tun daga takalmi har ɗankwali, ya daɗe, sannan ya nuna akwatin ƙarfen da haɓa. Ta ƙwanƙwasa shi, ta ce madalla, wuri ne mai sanyi kuma wuta ba za ta ci shi da sauƙi ba. Ya sa hannu a takardar inshorar kamar mai taɓa garwashi.

Da ta juyo kaina ta ce ko ni ma zan yi, na ce, "'Yar nan, ni da allura da zare, me zai ci ni?" Ta bar mini lambarta ta tafi.

Tana fita ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Kin ji tambayar? Irin ta baƙon nan da ya cuci maigidana ce sak. Tsabta, daɗin baki, sai kuma a ina kaya ke kwana. Akwai lauje cikin naɗi." Ranar ya ƙara kwaɗo. Bokitin yashi kuwa ya saya, ya ajiye a inda za a gani, amma ban taɓa ganin ya sa komai a ciki ba.

Gobarar ta tashi ne ranar hutu, da tsakar rana, a tsakiyar watannin zafi, lokacin da kwano ke ɗaukar rana har ba ka iya taɓa shi. Mai wanki ne ya kira ni. Kafin in iso 'yan kwana-kwana sun kashe wutar, amma silin ɗina gaba ɗaya ya rufto. Kekunana sun ƙone, yadin mutane ya zama toka da ruwa, har da kayan makarantar da na gama ina jiran a zo a karɓa. Na zauna a bakin kwata na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Shagon Mai Agogo hayaƙi da ruwa kawai ya sha. Samarin layi sun ɓalle ƙofarsa don su watsa ruwa, amma akwatinsa na nan a kulle.

Kafin magariba an gama yanke mini hukunci. Wuta a shagon Tela ta fi ci, Tela ce mai dutsen guga, to me ya rage? Na rantse na cire shi na naɗe wayarsa a mariƙi kamar kullum, amma dutsen ya narke a ƙarƙashin tarkace, ba shi da bakin ba da shaida. Mai ginin, wani mutum da ba ma ganinsa sai ƙarshen wata, ya ce in shirya gyara masa rufi, in kuma nemi wani wuri. Ba ni da abin gyara rufi, ba ni da wani wuri. Shagon nan shi ke ciyar da gidana.

Washegari ina kwashe tarkace sai ga Mai Agogo ya shigo da buhu, wai ya zo taya ni. Mutumin da tunda muke bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba. Bai tsaya inda nake ba, ya wuce can ciki, daidai inda nake zama in ina naɗe kaya, ya juya mini baya yana tono. Na ga ya ɗaga wani baƙin dunƙule kamar narkakkiyar roba ya jefa a buhu, ya ɗaure, ya fita da shi ba sallama.

Daga nan tunani ya hana ni sakat. Wane irin ɓera ne ba ya motsi sai Baba ya sa sakata? Wane irin ɓera ne ke hutu ranar da Baba ke hutu? Na ɗaga kai na dubi inda silin yake a da, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: bangon da ya raba mu bai kai kwano ba, sama duk fili ɗaya ne. Biri ya yi kama da mutum. Amma zato zunubi ne, kuma wa zai yarda da macen da ake tuhuma in ta nuna dattijon da ba a taɓa kama shi da ko allura ba?

Masu waya suka fara zuwa. Kowa ya zo sai Mai Agogo ya ce a dawo bayan bincike, akwatin ba ya buɗuwa sai a gaban mutanen inshora. Ya rame cikin 'yan kwanaki, idonsa ya faɗa. Ina jin mai ginin yana ba shi shawara a bakin ƙofa, bai ko rage murya don ni ba.

"Malam, an ɓalle maka ƙofa, jama'a sun shiga sun fita. In ma akwai abin da ba ka gani ba, ka ce an kwashe a hargitsin nan, kamfani ya biya. Ai don haka ka yi inshorar. Ita kuwa wannan, ta kwashe komatsanta."

Mai Agogo ya juya ya shige shagonsa. Safiyar da za a zo binciken na leƙa shagonsa, na ga wani dogon ƙarfen ɓanɓare ƙusa jingine da akwatin. Na ce shi ke nan, zai fasa makullin da hannunsa ya ce ɓarayi ne, a biya shi, sunansa ya tsira, ni kuma in tafi da laifin gobara a ka. Na tsane shi a wannan safiya, ba zan ɓoye ba.

'Yar inshora ta iso tare da mai bincike, wani mai ƙaramar tocila da ba ya yawan magana. Mai ginin ya zo, Auta ta zo, masu waya kaɗan suka tsaya a waje. Mai binciken ya fara da shagona, ya daɗe yana haska katakon rufi, ya ce wutar kamar daga sama ta sauko, ba daga ƙasa ta hau ba. Mai ginin ya ce wayar lantarkina ce ke nan. Aka dawo shagon Baba.

"Baba, a buɗe mana akwatin," in ji 'yar inshora.

Ya dubi ƙarfen da ke jingine. Ya dubi akwatin. Sannan ya ɗauke ƙarfen ya miƙa wa Auta ya ce ta mayar wa makaniken da ya ara masa, bai yi amfani da shi ba. Ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe. Babu komai a ciki sai matattun rediyo da bulo biyu da aka naɗe a tsumma don nauyi.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo buhun nan, ya zazzage baƙin dunƙulen a gaban kowa. A jikinsa ana iya gane gilashin waya da kusurwoyinsu, sun narke sun haɗe.

"Tela," ya ce, bai dube ni ba, "ga ɓeranki."

Ya faɗi sauran da bakinsa. Kowace yamma yakan zuba wayoyin mutane cikin jakar fata, ya hau tebur, ya ɗaga falanki ɗaya na silin, ya tura jakar da sanda har ta haye saman shagona. Da safe ya jawo ta da ƙugiya. A jakar ranar akwai waya mai kumburarren batir da bai kai ga cirewa ba.

Na juyo kansa na ce, "Baba, ashe duk shekarun nan a kaina kake kwantar da wuta? Ka bar ni ina sayen guba? Har kyanwa fa na aro!"

"Ɓarawon da ya shiga nawa ba zai leƙa saman naki ba," ya ce a hankali. "Naki babu abin sata."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye ba. Auta kuwa ta rufe fuska da mayafi.

'Yar inshora ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na ga girmanta a nan. Ta ce, "Baba, wayoyin ba za mu biya ba, don ba a inda muka yi da kai suka kwana ba. Amma shagon Tela da rufin ginin, tunda daga kayanka wutar ta tashi, ka faɗa kuma mai bincike ya gani, wannan yana cikin abin da ka saya. Zan kai maganar."

Ya ɗago ya ƙura mata ido. "Me za ku ci a ciki?"

"Abin da ka biya mu tun farko, Baba. Babu wani."

Bai yarda ba, kuma a gaskiya ni ma ban yarda ba. An sha zirga-zirga, an sha tambayoyi, har na fara cewa an yi mana romon baka. Amma suka biya. Aka yi sabon rufi, aka kai bango har kwano, na sami kekuna, na sallami masu yadi. Mai ginin ya dawo yana kirana Hajiya. Takardar farko da na sa wa hannu a sabon shagon ta inshorar yarinyar nan ce.

Wayoyin kuwa shi ya ɗauki nauyinsu. Ya sayar da babur ɗinsa da wani fili da ya daɗe yana tanadi, ya bi masu kaya gida-gida a ƙafa, kowa ya kai masa sabuwa ya kuma faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Wani ya ba shi shawara ya sayar da tsofaffin agogunan nan, ya ce ba nasa ba ne. Yawanci sun karɓa sun yi masa addu'a. Sai wata mata da ta riƙe sabuwar wayar a hannu ta ce ta gode, amma a tsohuwar akwai muryar mahaifiyarta da ta rasu, saƙonnin da take saurare in kewa ta dame ta. Ba ta zage shi ba. Ya dawo ya zauna a bencina har yamma bai buɗe shago ba, kuma ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba.

"Na yi ta gadin ƙofa," ya ce, "ashe abin a jakata yake."

Bayan nan wayoyi suka koma kwana a akwati, bokitin yashi ya sami aiki. Kada a ce ya canza hali, har yau yana duba ruwa a haske. Amma wata yamma ya shigo shagona ya ajiye makulli a kan keke, ya ce na akwatin ne, in riƙe ko da wani abu zai taso. Ya fita kafin in yi magana.

Duk layin aka ce gwaji ne. Mai wanki ya rantse makullin wani tsohon kwaɗo ne, Baba yana so ya ga ko zan taɓa. Ni ma haka na ɗauka, don mutumin da ya kulle bulo shekara da shekaru ba zai ba ni gaskiya a tafin hannu ba. Na ɗaure shi a bakin zani na manta da shi.

Sai da damina ta zo ciwo ya kwantar da shi. Auta ta buɗe shagon don ta ɗaukar masa gilashinsa, sai ga wani mai babur a guje, wayarsa na ciki kuma ba shi da aiki sai da ita. Auta ta ce makullin yana wuyan Baba a asibiti. Na tsaya ina jujjuya bakin zanina, ina jin kunyar da zan sha in ya ƙi. Na durƙusa gaban akwatin, na zura shi, na murɗa.

Ya buɗe. Wayoyin mutane na jere a ciki, kowace da sunan mai ita.